Goɗiyar da Len Garbutt Ya Tsallake

Tun da hadari ya haɗo ta yammacin Middleham ranar Laraba, Len Garbutt ya kasa zama wuri ɗaya. Ya ɗora ruwan shayi ya manta da shi, ya fita lambu ya caka diddigen takalminsa cikin ciyawa, ya dawo, ya kuma fita. Ƙasa ta sha ruwa ta fara laushi. Kowa a garin tsine wa ruwan nan yake yi saboda shanya, shi kuwa Len damuwarsa daban. Ruwan yana gaya masa dokin da zai ci Kofin Makiyaya ranar Asabar, kuma a karo na farko a rayuwarsa bai so ya sani ba.

Shekara da shekaru, duk Larabar da ke gaban babban tsere, Len ne ke zama gaban jama'a a mashayar Glenys. Zai bi dawakin ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi mai ƙafa, ya faɗi mai suna kawai, ya faɗi wanda ya kamata talaka ya ɗora wa fam biyunsa. Ba biyansa ake yi ba, in ban da kofin giya da farantin nama da dankali. Amma da a hana shi kujerar nan gara a hana shi numfashi. Allah ya yi shi da son a ce "ai Len ya faɗa", kuma gaskiya sau da yawa yana faɗa daidai.

Yana tsaye bakin taga 'yarsa Rhona ta shigo, rigarta sharkaf, tana ƙamshin ciyawar barga. Ta daɗe tana kwasar kashin dawaki a bargar Wilf Hebden, ta karye sau biyu, hawan da ake ba ta kuwa sai na ƙananan tseren tsakiyar mako, waɗanda ko kare ba ya zuwa kallo. Yanzu ne dai aka ce ita za ta hau wata goɗiya, Butar Ƙarfe, a Kofin Makiyaya, tseren da ake nunawa a talabijin.

"Baba, butarka ta ƙafe," in ji ta, ta sauke ta daga wuta.

"Taku dai ba ta ƙafe ba."

Ta juyo ta dube shi. "Ni ban ce maka komai ba."

"Na ce kin ce? Ido gare ni, 'yar nan. Duk lokacin zafin nan kuna kai goɗiyar tsere a busasshiyar ƙasa, mai tauri kamar kwalta. Yau ta zo ta tara, gobe ta goma, masu awon nauyi suna ganin ba ta da ƙoƙari, suna ta rage mata dalmar da ake sa mata cikin sirdi. Uwarta kuwa na san ta, agwagwa ce, sai cikin caɓi take gudu. To ga ruwa ya zo, ga nauyi ya sauka, ga farashi, fam ɗaya ya ciyo talatin da uku. Ko makaho ya shafa ya ji."

"To makahon ya yi shiru." Ta ja kujera ta zauna, ta cire hula. "Mista Tordoff bai zuba kuɗinsa ba tukuna. Sai Asabar da safe, ta hannun mutanensa, shago-shago. In farashin nan ya motsa kafin lokacin, ka san wadda za a kalla. 'Yar wa ce ni?"

Ya sani sarai. Vince Tordoff, mai goɗiyar, mutum ne da ke da motocin dakon tsakuwa, kuma bai ɗauki doki abin ado ba. Zai yi shekara yana haƙuri da doki don rana ɗaya, in kuwa aka riga shi zuwa wurin masu karɓar caca farashi ya faɗi, sai ya samu wanda zai ɗora wa laifi. Gobe Alhamis da safe ake miƙa sunayen mahaya. In sunan Rhona ya shiga, ya shiga ke nan. Kafin nan kuwa, kalma ɗaya daga bakin Tordoff ta isa a sauke ta.

"Abin da nake roƙonka ba wuya," in ji ta. "Ka bi da ita kamar kowane doki. Ka ce ba ta da ƙafa, ka wuce."

"Wato in yi ƙarya a kan doki."

"Kullum kana yi wa likita ƙarya a kan sigari."

"Likita daban, doki daban."

"Baba, don Allah." Ba ta yi dariya ba. "Ban taɓa roƙonka komai a kan sana'ar nan ba. Ko lokacin da na karye ban kira ka ba. Wannan ɗaya ce."

Ya ce ta kwantar da hankalinta. Ta miƙe ta sa hularta ta koma barga, ta bar shi yana kai da komowa tsakanin taga da ƙofa.

Matsalar Len kunnensa ne. In ya faɗi abin da bai yarda da shi ba a kan doki, kunnuwansa sukan yi jawur, hannunsa kuma ya tafi da kansa ya ja na hagu. Duk garin sun san kunnen nan, har yara. Ya tsaya gaban madubi ya gwada: "Butar Ƙarfe ba ta da ƙafa." Kafin ya rufe baki kunnen ya tona shi. Ya sake gwadawa hannu cikin aljihu, abin ya fi muni. A kan hanyarsa ta zuwa mashaya, ruwa na dukan lemarsa, dabara ta faɗo masa, har ya ji daɗin kansa. Dawaki sun fi ashirin. Wa zai lura in an tsallake ɗaya? Ba zai yi ƙarya ba, ba zai faɗi gaskiya ba, zai dai bi ta gefenta ya wuce.

Mashayar ta cika tun kafin a kunna fitilun titi. Masu share barga da suka tashi aiki, manoma da jiƙaƙƙun huluna, tsofaffin mata biyu da ba su taɓa fashi ba, kowa da jarida a naɗe. Gefen Len a teburi Cormac Devlin ne, ɗan Ireland mai karɓar caca, wayarsa a gabansa yana karanto farashi. A sahun gaba kuwa, kamar kullum, Pickersgill ne, tsohon mahauci, wanda ba abin da ke kawo shi sai neman Len da tsokana.

"To, malamin dawaki," in ji Pickersgill, "wa za ka talauta mu da shi bana?"

"Kai ai an gama talauta ka tun a bikinka. Zauna ka ji karatu."

Aka yi dariya, Len ya gyara murya. Da ya fara, sai damuwar ta ɗan sake shi, don nan ne gidansa.

"Sarkin Gawayi, shi kowa ke so. Nawa ne, Cormac?"

"Biyar a kan ɗaya."

"Ku riƙe kuɗinku. Doki ne na gaske, ban musa ba, amma an lafta masa dalma kamar jakin kaya, ga shi ɗan gayu, ba ya son taɓo ya taɓa masa ƙafa. In ruwan nan ya kai Juma'a, za ku gan shi yana ɗaga kofato yana neman inda zai taka."

"Bara ma haka ka ce, ya ci!" wani ya ɗaga murya daga baya.

"Bara rana ake yi, kai kuma a buge kake. Sai dokin nan, Kar Ka Jira Ni. Wannan in aka buɗe ƙofar tashi yakan fita kamar an watsa masa ruwan zafi, ya manta akwai sauran fili a gaba. Tseren nan gajere ne, bai kai mil guda ba, amma ƙarshensa hawa ne. A rabin hanya zai ba ku farin ciki, a ƙarshe ya ba ku hawan jini."

"Irin mijina ke nan," in ji ɗaya daga cikin tsofaffin matan, aka sake fashewa.

Ya bi ta kan 'Yar Mai Burodi, wadda za a kawo daga kudu, ya ce tafiyar mota ba ta karɓe ta ba, takan iso jiƙe da gumi ta riga ta yi tserenta a hanya. Ya yi magana a kan ƙuri'ar da za a jefa gobe don raba wa dawaki ƙofofin tashi, yadda dawakin kan rabu gida biyu a miƙaƙƙen filin, wasu su bi shingen 'yan kallo wasu su bi na can nesa, da yadda ɓangaren 'yan kallo ke saurin tsanewa bayan ruwa. Har wani gurgun doki da ba wanda ya taɓa jin sunansa sai da ya yi masa tarihin kakanni. Da ya iso inda Butar Ƙarfe take a jeri, sai ya kurɓi giya, ya share baki, ya faɗa kan na ƙasa da ita. Ba wanda ya tanka. Ya ce a ransa an wuce wurin.

"To nawa zaɓin," in ji shi a ƙarshe, "Hayaƙin Litinin. Tsoho ne, amma yana son laka, kuma in ya samu ƙofa kusa da shinge zai shiga ukun farko. Sha biyu a kan ɗaya, ku raba kuɗin, rabi a kan ya ci, rabi a kan ya shiga ukun."

Ya jira tafin da aka saba yi masa. Tafin ya zo, amma a sanyaye. Ya ɗaga kai ya ga abin da bai taɓa gani ba a wurin nan: kawuna a sunkuye, kowa yana latsa waya a ƙarƙashin teburi. Wani saurayi ya miƙe ya fita cikin ruwa ba ko hula, ya nufi shagon caca na kan kwana.

Abin da Len ya manta, mutanen nan rayuwarsu ke nan. Mutanen da ke lura da dokin da aka fitar da shi atisaye kafin gari ya waye, da mai horarwar da ya sayi sabuwar riga ana jibi tsere. A garin da kowa ke ɓoye abin da ya sani, ba abin da aka faɗa ake saurare ba. Shiru ma magana ce, kuma a Middleham ta fi kowace ƙara.

Pickersgill ya harɗe hannu a ƙirji yana murmushi. "Ni dai ban yi makaranta ba. Amma mutumin da ya yi mana wa'azi a kan gurgun doki har da kakarsa, bai ce uffan ba a kan wadda 'yar cikinsa za ta hau. Ko mantuwa ce, Len? Tsufa ne?"

Kowa ya juyo ya dubi Len. 

"Butar Ƙarfe?" in ji shi. "Af, ai wannan ba ta da ƙafa. Cika lamba ce kawai."

Bai san lokacin da hannunsa ya tashi ba. Sai da ya ji ihu da bugun teburi, sannan ya tarar da yatsunsa riƙe da kunnen hagu. Glenys tana bayan kantar giya tana dariya har da hawaye, tana cewa wani ya ara mata waya. Ya miƙe yana rantsuwa, yana cewa wallahi ba abin da aka gaya masa, ku ji tsoron Allah, yarinyar ba ta ce komai ba. Duk rantsuwar da ya ƙara, sai wani ya ƙara fam biyar.

Cormac ya taɓa masa hannu, ya juyo masa da fuskar waya. "Ashirin," ya ce a hankali. Can kuma, "Sha huɗu. Ba ni ba ne, mutumina. Kowane ɗayansu yana da ɗan'uwa a Leeds, ɗan'uwan kuma yana da abokai. Zauna, kana ƙara wa wutar mai."

Len ya zauna. Naman da aka ajiye masa ya huce a faranti bai taɓa ba.

Da gari ya waye farashin ya sauko takwas. Ya nufi bargar Hebden da ƙafa, yana tsara magana a hanya yana rushewa. Ya tarar da motar Tordoff a tsakar gidan, gilashi a sauke, shi kuma Hebden tsaye gefe yana kallon takalminsa.

"Ga malamin ya iso," in ji Tordoff. Bai ɗaga murya ba, ba ya buƙata. "Shekara guda ina ciyar da goɗiyar nan don Asabar ɗin nan. Yau na tashi na tarar kowane mai wankin mota a ƙasar nan ya riga ni cin abincina."

"Yallaɓai, laifina ne. Yarinyar ba ta gaya mini komai ba, na rantse. Ni na gano da idona, kuma ban ma ambaci sunan goɗiyar ba. Tsallake ta na yi."

"Na ji. An ce tsallaken ya yi kyau ƙwarai."

"To ka hukunta ni. Ka ce kar in sake zama a kujerar nan, na yarda, yau ɗin nan."

Tordoff ya dube shi sama da ƙasa. "Me zan yi da kujerarka? A ce ma na yarda ba ta faɗa ba. Gobe in na shirya wani dokin, ita za ta hau shi atisaye, ta koma gida ta sha shayi da kai, kai kuma ga kunnenka. Ba zan iya ba, dattijo." Ya ɗaga gilashi, motar ta ja.

Len ya juya ga Hebden. "Wilf, tun tana 'yar ƙarama ka san ta. Ka san hannunta a kan goɗiyar nan."

"Na sani." Hebden bai ɗago ba. "Dawakinsa bakwai a bargar nan, Len. In ya kwashe su, mutum nawa zan sallama? Na riga na miƙa sunan wani yaro daga Newmarket. Aikin gama ya gama."

Daidai nan Rhona ta fito daga wani ɗaki da bokiti a kowane hannu. Ta ga ubanta, ta ga maigidanta, ba ta tsaya ba. Ya kira sunanta. Ta wuce ta gabansa ta shiga ɗakin goɗiyar, ta jawo ƙofar ƙasa ta rufe. Yana jin muryarta a ciki tana yi wa dabbar magana a hankali, irin yadda take yi kullum.

Ranar Asabar ya ce ba zai je ba. Ya ce haka da safe, ya maimaita da hantsi, azahar kuma ta same shi a filin tsere, jingine da shinge, ruwa yana ɗiga daga hularsa. A zagayen nuna dawaki ya hango Rhona cikin rigar ma'aikatan barga, tana jan Butar Ƙarfe da ragama. Ita ke kula da goɗiyar, don haka ita za ta zagaya da ita, ita kuma za ta riƙe ta yayin da ake ɗora baƙon mahayi. Ta riƙe, aka ɗora shi, ta gaya masa wata magana, ya gyaɗa kai ba tare da ya dube ta ba.

Len ya yi addu'ar da bai taɓa yi wa doki ba: Allah ya sa ta zo ta ƙarshe. In ta faɗi, sai a ce duk surutu ne, Tordoff ya huce, yarinyar kuma ba ta yi asarar komai ba.

Aka buɗe ƙofofi. Dawakin suka rabu gida biyu, Kar Ka Jira Ni a gaba kamar yadda ya faɗa, laka tana tashi a bayansu. A rabin fili Sarkin Gawayi ya fara iyo, mahayinsa yana ta aiki a banza. Da suka iso hawan ƙarshe na gaban ya sare, sai ga wata 'yar jar goɗiya ta ɓullo ta jikin shingen 'yan kallo, kunnuwa a kwance, tana cin ƙasa kamar don ita aka yi ruwan. Len ya ji wata murya kusa da kunnensa tana ihu, "Taho, 'yar agwagwa! Taho! Na faɗa! Ai na faɗa!" Sai da ta tsallake layi da tazarar doki biyu, sannan ya gane muryarsa ce. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Kafin ya motsa mutanen Middleham sun rufe shi. Pickersgill ya rungume shi ya sumbaci hularsa. Wani yana cusa masa sigari a aljihu, wata tana cewa ya biya mata kuɗin gyaran rufi, Glenys tana rantsuwa ba zai sake biyan kuɗin giya ba har ya mutu. Suka tura shi gaba suna waƙa da sunansa, har bakin hanyar da ake shigo da wanda ya ci.

Ga goɗiyar nan tafe. Baƙon mahayin yana sama, ya miƙe a kan likkafa yana ɗaga wa jama'a bulala, masu hoto suna ja da baya a gabansa. A ƙasa kuwa Rhona ce, a ƙafa, laka har gwiwa, ragama a hannu, ɗaya hannun a wuyan goɗiyar tana shafa ta. Ba wanda ke kallonta. Len ya fizge daga hannun mutane ya shiga gabanta, bakinsa cike da magana, shi da bai taɓa rasa abin faɗa ba.

"Rhona," ya ce. "'Yar nan..."

Ta dube shi, idonta a bushe.

"Matsa, Baba," in ji ta. "Za ka firgita ta."

Ya matsa, suka wuce.